Takunkumi Biyar na Baba

Bazarar bana ta zo da zancen mashaƙo. Tun makon jiya ake cewa ya shiga wasu unguwannin Hadejia, yara na tashi da kumburin wuya, mutane kuma sun fara fito da takunkumi. Shekaranjiya na je kemis sayo wa Umma maganin ciwon kai, na tarar an rataye su a bakin ƙofa dami-dami cikin leda, shuɗi da baƙi har da mai furanni, rana na dukansu. Wani ɗan sanda ya tsaya da babur ya karɓi ɗaya ya saka, kafin ya kai kwana ya ja shi ƙarƙashin haɓa. Ni kuwa na tsaya da magani a hannu, ina ta kallon takunkuman, har mai kemis ya ce, "Malama, lafiya?" Na ce masa rana ce. Ba rana ba ce.

Azumin shekarar korona ya faɗo a tsakiyar zafi, ba kamar na yanzu da ya ja baya ya fara samun sauƙi ba. Ina aji biyar na sakandare aka rufe makarantu. Umma ta tafi Guri da ƙannena duba mahaifiyarta da niyyar kwana huɗu, sai aka rufe hanya, ta maƙale a can. Gidan ya rage mu uku: ni, da Baba, da Kaka mahaifiyarsa. Baba sajan ɗin 'yan sanda ne, kuma yana da asma. Ko hayaƙin murhu ya shaƙa da yawa sai ka ji ƙirjinsa na busa. Rediyo kullum tana cewa masu irin ciwonsa su ne cutar ba ta saki. Shi kuma a shingen da ke kusa da gada aka ajiye shi, yana leƙa kowace mota da ta zo wucewa.

Kogin garinmu ya janye a shekarar, ya bar kududdufai da laka mai tsagewa. Daga hantsi iska take fara zuwa kamar daga bakin tanda. Kwanon rufi yana ƙara shi kaɗai. Ruwan randa kan yi ɗumi kafin azahar. Kaka takan jiƙa zani ta lulluɓa, ta kwanta a siminti a gindin darbejiya, in ya bushe ta sake jiƙawa. Wuta ba ta zuwa, don haka ƙanƙara sai dai labari. An rufe kasuwa. Tumatir da tattasai na ruɓewa a fadama don babu motar ɗauka, mu kuma a cikin gari muna miyar kuka da busasshen barkono. Masu kawo kifi daga Auyo a kan babur sun daina shigowa sai jefi-jefi, ta hanyar gona. Da kunun tsamiya muke buɗe baki, wata rana da ƙosai, wata rana babu.

Ana gobe azumi Baba ya dawo da takunkumi biyar. Ba irin na yadi da teloli ke ɗinkawa ba ne. Farare ne masu tauri, kamar rabin ƙoƙo, da ɗan ƙarfe a wurin hanci da roba biyu da ake zagayawa ta ƙeya. Ya ce wata ma'aikaciyar lafiya ce ta zo caji ofis ta raba musu, ta ce kada kowa ya sa ran wasu nan kusa. Ya zaunar da ni a zaure ya karanta min yadda ta koya musu, yana duba wata takarda da ya ninke a aljihu.

Ɗaya a rana. In ya dawo, a kama shi ta roba, kada a taɓa gabansa, kada a taɓa cikinsa. A sa shi a jakar takarda a rataye inda iska ke ratsawa, ba a leda ba, don leda na riƙe gumi. Gobe a ɗauki na biyu. Kafin a zagayo kan na farko ya yi kwanaki yana hutawa, abin da ya manne masa ya mutu. Wanda ya yage ko ya jiƙe, aikinsa ya ƙare. Kuma ko kusa kada ya ga ruwa da sabulu.

"Me ya sa, Baba?"

"Ta ce akwai wani ƙarfi a cikin saƙarsa da ido ba ya gani, shi ke kama ƙwayar cutar. Wanki na kashe shi. Zai fito fes, amma ya zama rariya."

Na gane. A makaranta an taɓa sa mu goga biro a gashi mu ɗauki guntun takarda da shi. Na gaya masa haka, ya yi dariya ya ce ashe karatun bai tafi a banza ba.

"To aikinki ne, Hauwa. Ki kuma yi wa Iya bayani yadda na yi miki."

Na yage bangon tsofaffin littattafaina na haɗa jakunkuna biyar, na liƙe su da kullun fulawa, na rubuta lamba a jikin kowace. Na ɗaura igiya a zaure daga taga zuwa ƙusa. Bayani kuwa ban yi ba. Kaka ta zo ta tsaya tana kallon jakunkunan suna lilo, ta ce, "Ke 'yar boko, wannan kuma wane irin tsafi ne?" Na ce, "Tsohuwa, ba naki ba ne. Kar dai ki taɓa." Iyakar abin da na faɗa mata ke nan. A raina na ce ina za ta gane zancen biro da gashi.

Kwanakin suka daidaita iri ɗaya. Rana na fitowa Kofur Sale, abokin aikin Baba, mutumin Jahun, zai tsaya da babur a ƙofar gida ya danna ham sau biyu. Zan wanke hannu, in sauke jakar ranar, in buɗe wa Baba bakinta. Zai saka, ya matse ƙarfen a karan hanci, ya rufe takunkumin da tafuka biyu ya hura da ƙarfi, ya ji ko iska na fita ta gefe. In ba ta fita, ya ce mun tafi. Ni kuma in ɗauki jarka in bi layin burtsatse, in dawo in yi shara, in jiƙa gero da tsamiya. Bayan la'asar yake dawowa, kakinsa ya yi farin gishiri a baya, leɓensa ya tsage, fuskarsa da zanen da'ira inda takunkumin ya zauna. Ba ya shiga cikin gida sai ya tuɓe a zaure ya yi wanka a bokitin da nake ajiye masa a bayan ƙofa.

Takunkuman suka fara canza kala. Gefensu ya yi ruwan ƙasa. Warin gumi da na bakin mai azumi ya kama zauren. Kaka takan toshe hanci in za ta wuce. Ita mutuniyar bakin tafkin Chadi ce, a gidansu ko tsumma ba ya kwana ba a turara shi ba. Da hannunta take haɗa turaren wuta, ta soya itace da sukari da turare, mata na zuwa saye har daga wasu unguwanni. Tun Baba yana ƙarami ita ke wanke masa hula, ko bayan ya yi aure ba ta bar wa Umma wannan ba.

"Ɗana na fita da abu a hanci kamar tsohon takalmi," in ji ta, "ke kina nan kina rubuta masa lamba."

"Haka likita ta ce."

"Likitar ba ta da hanci?"

Na yi dariya na wuce.

A mako na biyu robar lamba huɗu ta tsinke daga tushe, ta tafi da wani ɓangaren takunkumin. A mako na uku hadarin farko ya taso da la'asar, da iska mai ƙarfi da ta ɗauke rumfar shingen, ruwa ya yi wa Baba duka a kan hanya. Lamba biyu ta dawo a jiƙe sharkaf. Ruwan bai ma sanyaya gari ba, washegari zafin ya dawo da danshi, mutum na zaune gumi na bin bayansa. Saura uku. Hutun kowane ya ragu. Baba ya yi magana a ofis, aka ce wasu suna hanya.

Saura kwana uku Sallah, ranar wanki ce a gidanmu tun ina yarinya. Ana fito da komai, labule, zanin gado, darduma, huluna, a wanke, a shanya, sannan a turara. Na manta da wannan, ko in ce ban haɗa shi da zaure ba. Baba ya dawo da wuri ranar, ya rataye takunkuminsa, ya yi wanka ya kwanta. Ruwa ya ƙare saboda wankin, na ɗauki jarka na koma burtsatse. Layin ya yi tsawo. Na fi awa biyu.

Tun daga bakin ƙofa na ga jakunkunan a buɗe. A tsakar gida Kaka na zaune kan kujerar tsuguno, ta kifa kabbasa, kwandon nan da ake ɗora kaya a kai, a kan kaskon turare. Hayaƙi na fita ta ƙofofinsa. A saman kabbasar ga hulunan Baba, ga takunkumi uku a jere, farare tas. Zafin ranar ya busar da su tun kafin in dawo. Sun yi laushi, sun faɗa ciki.

"Kin gani?" ta ce. "Sai da na sa buroshi. Dauɗar da ta fita, ba ki ga ruwan ba."

Na ajiye jarkar. Da hayaƙin ya lafa na kwashe su na mayar da kowane jakarsa, na ninke bakin. Aka kira salla, muka sha ruwa mu uku a tabarma ɗaya. Baba yana ba da labarin wani direba da ya ɓoye fasinja a cikin buhunan albasa. Sau biyu na buɗe baki, sau biyu na sa kunu. Da na faɗa a lokacin, da wataƙila ya zaga wurin abokan aiki ko ya nemi ma'aikaciyar nan kafin gari ya waye. Tsoro ne ya hana ni. Na san tambayar da zai yi min.

Da safe Kofur Sale ya danna ham. Na sauke jaka ta ɗaya na buɗe. Ƙamshin ya riga hannun Baba fita. Ya tsaya. Ya dube ni, na dubi ƙasa. Kaka ta fito har bakin zaure da carbinta, abin da ba ta saba yi ba.

"Ka ji ƙamshi? Yau dai ka fita kamar mutum."

"Na ji, Iya," in ji Baba. "Allah ya ƙara lafiya."

Ta koma ciki tana murna. Ya buɗe sauran biyun ya leƙa, ya mayar. Ya saka na farkon, ya matse ƙarfen, ya rufe da tafuka ya hura. Na ga iskar ta fito ta saman hancinsa ta kaɗa gashin idonsa. Ya sake matsewa, ya sake hurawa. Haka dai.

Daga waje Kofur Sale ya leƙo yana shaƙar iska. "Oga, ina aka ɗaura? Ango guda, ko goro ba a ba mu ba?"

"An wanke su," Baba ya ce, a hankali.

Dariyar ta tsaya. Kofur ya sauko daga babur. "Duka?"

"Duka."

"Ina da biyu da suka huta a gida. Mu biya in ba ka ɗaya."

"Numfashinka ne a ciki, Sale. In kana ɗauke da ita ba ka sani ba fa? Bar shi."

Ya ciro hankici ya ɗaura a kan takunkumin. Har ya sa ƙafa a waje ya juyo.

"Kin gaya mata dalili?"

"Na ce kar ta taɓa."

"Ba shi na tambaye ki ba."

Suka tafi.

Abin da ya faru a shingen washegari, daga bakin Kofur Sale na ji shi daga baya. Wata mota ta zo daga birni da wani dattijo a kujerar baya, 'ya'yansa na son kai shi ƙauyensu a hayin kogi. Da aka tsayar da su aka ga numfashi yake ja da ƙyar. Direban ya fita ya koma gefe. Aka rasa mai taɓa shi. Baba da Kofur suka ɗauke shi zuwa motar ofis don a kai shi asibiti. Kofur ya kama ƙafafu, Baba ya kama wajen kai, dattijon yana tari a fuskarsa har suka kwantar da shi. Dattijon bai kai magariba ba. Ba wanda ya gaya musu abin da ya kashe shi.

Aka yi Sallah shiru. Na dafa shinkafa da ɗan kifin da maƙwabta suka aiko. Kwana biyu bayan Sallah Baba ya ce miyar ba gishiri. Akwai gishiri. Washegari zazzaɓi ya kwantar da shi. Da kansa ya ja katifa zuwa zaure, ya rufe ƙofar waje da sakata, ya ce daga yau ba mai haye dokin ƙofar ciki. Ruwa da cefane ta katanga maƙwabta suke miƙo mana. Wasu mutum biyu cikin fararen kaya suka zo suka ɗauki wani abu a hancinsa, suka bar magunguna, suka ce in numfashi ya gagara a kira su. Sakamakon bai taɓa iso mu ba.

Akwai wata tsohuwar gwangwala ta tuƙa kwale-kwale da ke jingine a bayan ɗaki tun zamanin kakanmu. Da ita nake tura masa kwanon abinci da butar ruwa, ina tsaye daga tsakar gida. In ya gama ya turo da ƙafa, in zuba wa kwanon tafasasshen ruwa kafin in taɓa. Sauran yinin a jikin bango nake yi, a waje da ƙofar, ina sauraren numfashinsa. Busar nan ta asma na san ta. Wannan daban ne. Kamar ana jan buhu a kan yashi. Gajimare na haɗuwa kullum da yamma ya watse ba ruwa. Ƙudaje suka yi yawa. Kaka ta daina kwanciya a gindin darbejiya, tana zagaye tsakar gida da carbi.

A rana ta shida, bayan azahar, tari ya sarƙe shi. Ya daɗe yana yi, sannan ya yanke. Shiru. Na kira, "Baba?" Ba amsa. Sai ga Kaka ta taho da ƙwaryar ruwan ɗumi da man zafi, ta nufi ƙofar. Na sha gabanta.

"Matsa."

"Ya ce kar a shiga."

"Ni na haife shi ko ke? Matsa min, Hauwa."

"Wallahi ba za ki shiga ba. In kika kamu ke ma fa?"

"In na kamu sai me? Ɗana na mutuwa a zaure kamar baƙo, kina tura masa tuwo da sanda."

Ta ture ni da kafaɗa. Ruwan ya zube min a ƙafa. Ban san lokacin da maganar ta fita ba, kuma da ƙarfi ta fita, har maƙwabta sun ji.

"Ai ke kika jawo! Ke kika wanke su! Wankin ne ya kashe su, ya fita da rariya a hanci! Da ba ki taɓa ba da bai kwanta ba!"

Ta tsaya da ƙwaryar a hannu. Ta dube ni kamar ba ta ji Hausar ba.

"Wankin?"



"Da sabulu mai kyau na wanke," ta ce. Muryarta ta yi ƙasa sosai. "Ba ki ce min ba."

Daga cikin zaure muka ji shi. Kalma ɗaya ce, da ƙyar ta fito.

"Hauwa."

Yana da rai. Sunana kawai ya kira, amma na san abin da yake nufi. Kaka ta sunkuya ta ajiye ƙwaryar a bakin ƙofa, ta ajiye man a gefenta, ta shiga ɗakinta. Ni na tura masa su da gwangwalar.

Damina ta zauna a makon da ya biyo baya. Ruwa ya yi ta zuba, gari ya yi sanyi, kwaɗi suka cika lungu da kuka. Zazzaɓin ya sauka a hankali. Yana kwance aka kawo sababbin takunkumi ofis a kwali, Kofur Sale ya kawo nasa rabon ya ajiye a taga. Kofur ko ciwon kai bai yi ba. Har yau ban san ko wankin ne ba. Na taɓa tambayar wata nas, ta ce zai iya yiwuwa, zai kuma iya yiwuwa ko da sabo fil ne a hancinsa ya kamu, tunda a fuska aka yi masa tari. Ban ma san ko korona ce ba. Abin da na sani shi ne Baba bai koma shinge ba. A ofis yake zaune yanzu yana rubutu, kuma in ya taka daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya a hanya sau ɗaya.

Ranar da ya fito daga zaure, bayan mako uku, wandonsa ba ya zama a ƙugunsa. Umma ba ta riga ta dawo ba. Ya yi wanka, ya zo ya zauna a tabarma kusa da Kaka ya gaishe ta. Ta amsa, ta yi masa sannu, ta yi godiya ga Allah, idonta na kan carbi. Bai yi min faɗa ba, ranar ko bayanta. Sannan ya cire hular da ke kansa, ya juya ta yana dubawa, ya miƙa mata.

"Iya, dubi yadda ta yi baƙi. A taimaka min da ita kafin Juma'a."

Kaka ta dubi hular. Ta mayar da hannuwanta biyu cikin mayafi.

"Ka ba wa Hauwa," ta ce. "Ita ta san abin da ake wankewa."

Hannunsa ya daɗe a miƙe. Daga ƙarshe ni na karɓa. Damina biyu Kaka ta ƙara yi a duniya, kuma ba ta sake taɓa wani abu nasa ba.